Ka rubuta Math.PI, amma kada ka ɗauka ka gama lissafi

Kwanakin baya wani yaro da ke koyon JavaScript a wurina, ɗan Zurmi ne amma a nan Ƙauran Namoda yake zaune, ya miƙo min wayarsa ya ce, "Yaya, duba min wannan abin, ya ƙi aiki." Ɗan ƙaramin shafi ne ya haɗa wa kawunsa mai sayar da ruwa. Za ka saka faɗin tanki da tsayinsa, shafin ya gaya maka lita nawa tankin ke ci, kuma jarka nawa za ta fito. Duk abin da ya saka, sai shafin ya nuna masa haruffa uku: NaN. Kwana biyu yana fama, har ya fara zargin wayar.

Da na duba, sai na ga ya rubuta Math.pi da ƙananan baƙaƙe. A JavaScript sunan shi ne Math.PI, da manyan baƙaƙe. Abin da ya fi ban haushi shi ne harshen ba zai tsawata maka ba. Idan ka nemi Math.pi, zai duba ya ga babu mai wannan suna, ya ba ka undefined, wato babu komai. Ka ninka babu komai da lamba, ka sami NaN, ma'ana abin da ya fito ba lamba ba ne. Babu jan rubutu, babu saƙon kuskure.

Kafin in gama bayani, yaron ya karɓi wayar, ya goge Math.pi ya sa 3.14, shafin ya yi aiki. Ya dube ni ya ce, "To ai ga shi nan, meye na wahala?" Na ce ya mayar da Math.PI. Ya ce, "Meye bambancin?"

Tambayar tasa ta cancanci amsa ta gaskiya, kuma amsar da na fi jin ana bayarwa ba ta cika ba. Yawanci sai a ce 3.14 kuskure ne, zai ɓata maka lissafi. To mu gwada. Ɗauki tanki mai faɗin mita 2 da tsayin mita 2. Rabin faɗinsa mita 1 ke nan. Da Math.PI tankin yana cin lita 6,283. Da 3.14 lita 6,280. Da 22/7 da muka haddace a makaranta, wajen lita 6,286. Bambancin lita uku ne, ko kwatan jarka bai kai ba. Babu mai sayar da ruwan da zai yi asara saboda wannan, domin abin da ke zubewa a bakin famfo ya fi haka. Idan na gaya wa yaron cewa 3.14 zai karya jarin kawunsa, na yi masa ƙarya, kuma ranar da ya yi lissafin da kansa zai daina yarda da sauran abin da nake koya masa.

Duk da haka ra'ayina bai canja ba: mai koyo ya daina rubuta wannan lamba da hannu tun daga ranar farko. Sai dai dalilaina daban ne, kuma ina ganin wanda ya sa Math.PI bai san me ya sa ba, bai tsira daga komai ba.

Mu fara da inda muka samo 22/7. Duk wanda ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO ya san layin nan da ke cewa a ɗauki π, wato fai, a matsayin 22/7. Wannan ba laifi ba ne. A kan takarda, idan aka ba ka rabin faɗi 7 ko 14 ko 21, bakwai ɗin za ta soke, lissafi ya fita fes. An zaɓe shi ne don sauƙin biro. Matsalar ita ce da yawanmu mun fita sakandare muna ganin fai ita ce 22/7, alhali kusa da ita ne kawai. Ni kaina haka na ɗauka har sai da na fara taɓa kwamfuta. 22/7 yana ba da 3.142857, ita kuwa fai ta fara da 3.141592. Daga lamba ta uku bayan ɗigo suka rabu. Tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masanin nan na Girka Archimedes ya nuna cewa fai ta fi 223/71 kuma ba ta kai 22/7 ba. Shi kansa bai ce daidai suke ba. A shekarun 1760 kuma Johann Lambert ya tabbatar da cewa babu wasu lambobi biyu cikakku da za ka raba ɗaya da ɗaya su ba ka fai cif.

Akwai wani labari da nake so saboda ya shafi lambar da ke cikin wayarka. A shekarar 1424, a birnin Samarƙandi, masanin lissafi Jamshid al-Kashi ya fitar da wannan lamba daidai har gurbi 16 bayan ɗigo, da hannu. Buɗe burauzarka ka rubuta Math.PI, za ta ba ka 3.141592653589793, gurbi 15 ke nan. Injiniyoyin hukumar NASA ta Amurka da ke lissafin tafiyar kumbo tsakanin duniyoyi ma gurbi 15 ɗin nan suke amfani da shi. Abin da malami ya ƙarar da ƙarfinsa a kai shekaru ɗari shida da suka wuce, an ajiye maka shi kyauta a baƙaƙe bakwai. Ban ga dalilin da zai sa ka bar shi ka ɗauki guntu ba.

Kuma kyauta ɗin nan ta gaske ce. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya da intanet a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, na yi makonni babu inda zan duba komai. A lokacin na gane cewa Math ba abin da ake saukewa ba ne. Yana cikin burauza, ko Chrome ko Firefox, ko da data ko babu. Ga wanda ke rubuta manhaja don mutanen Shinkafi da Zurmi, inda sabis ke zuwa ya ɗauke, duk abin da yake aiki ba tare da an jawo shi daga wani wuri ba yana da daraja.

Dalilina na farko shi ne hannu yana kuskure. Wanda ya rubuta 3.14 sau goma a shafi ɗaya, wata rana zai rubuta 3.41, kuma kwamfuta za ta karɓa ba musu, domin 3.41 lamba ce halastacciya. Na taɓa karɓar aikin da wani ya fara, na tarar da 3.14 a wani layi, 3.142 a wani, 22/7 a na uku. Shafi ɗaya, tanki ɗaya, amsa uku. Duk wanda ya taɓa auna hatsi a kasuwar Shinkafi ya san rigimar da ke tashi idan mai saye ya zo da tiyarsa, mai sayarwa ya fito da tasa. Ba yawan bambancin ne ke kawo faɗa ba, rashin ma'auni ɗaya ne. Math.PI kuwa ba ya canjawa. Ko ka rubuta Math.PI = 3, harshen ba zai bari ba. A yanayin da aka saba zai yi banza da kai, idan kuma ka sa 'use strict' a saman kod ɗin zai jefo maka kuskure.

Na biyu, suna yana magana. Idan na ga 3.14 a kod ɗin wani, sai na tsaya na tambayi kaina: fai ce, ko farashi ne, ko wani kaso? Idan na ga 0.7071 kuwa sai na yi tunani sosai kafin in tuna. Amma Math.SQRT1_2 ya faɗi kansa. Tsayayyun lambobin da ke cikin Math takwas ne kacal: PI da E da SQRT2 da SQRT1_2, sai huɗu na logaridim, wato LN2 da LN10 da LOG2E da LOG10E. Gaskiya mai koyon haɗa shafuka zai iya shekara bai buƙaci komai ba sai PI. Ban ce ka haddace sauran ba, ka dai san suna nan.

Na uku shi ne inda ƙaramin bambancin yake girma, kuma nan ne yaron nan ya yi shiru. Na sa shi ya zana agogo a shafi, hannun daƙiƙa yana juyawa. Cikakken zagaye a lissafin kwamfuta shi ne fai sau biyu, don haka kowace daƙiƙa sai a ƙara wa hannun kashi ɗaya cikin sittin na wannan. Idan ka yi da 3.14, kuma kana tara kusurwar kana ƙarawa a kan ta baya, kowane minti hannun zai gaza cika zagaye da wajen digiri 0.18. Ido ba zai gani ba. Bayan awa ɗaya ya zama kusan digiri 11, wato hannun ya yi baya da kusan daƙiƙa biyu. Bayan kwana ɗaya ya haura digiri 260. Da 22/7 kuma agogon gaba zai yi ta yi. Ko da'ira ce kawai ka zana da 2 * 3.14, idan rabin faɗinta ya kai fiksel 300 za a bar ɗan giɓi na kusan fiksel ɗaya a inda bakin ya kamata ya haɗu. A tanki lissafi ɗaya ake yi a tashi. A abin da ke maimaituwa, kuskuren taruwa yake yi.

To amma duk wannan ƙaramin ɓangaren maganar ne. Abin da na ga yana kayar da masu koyo ya fi zuwa bayan sun rubuta Math.PI daidai.

Koma kan tankin. Bayan an gyara sunan, shafin yaron ya ce tankin na cin lita 25,133. Kawunsa zai yi dariya idan ya ji. Dalili kuwa shi ne ƙa'idar tana son rabin faɗi, shi kuma ya ba ta faɗin gaba ɗaya, kamar yadda kowa zai auna da tef daga baki zuwa baki. Da yake ana ninka rabin faɗin da kansa, amsar ta ninka huɗu. Lita uku muke ta gardama a kai, ga kuskuren lita dubu goma sha takwas da ɗoriya ya wuce ta gabanmu, kuma Math.PI na zaune a layin lafiya lau. Haka in wani ya saka faɗi da santimita, tsayi da mita. Wannan irin kuskure bai bar manya ba. A 1999 NASA ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangaren manhajar yana ba da amsa da ma'aunin fam, wani kuma yana karanta ta a matsayin ma'aunin newton. Shawarata ita ce ka rubuta ma'aunin a cikin sunan da ka ba lambar. Rubuta fadiMita da rabinFadiMita, kada ka rubuta x da y.

Babban ramin kuwa shi ne digiri da radiyan. Mu a makaranta da digiri muka saba: kusurwar gini 90, cikakken zagaye 360. Amma Math.sin da Math.cos da Math.tan ba su san digiri ba, radiyan suke ji, inda cikakken zagaye yake fai sau biyu, rabin zagaye kuma fai ɗaya. Rubuta Math.sin(90) kana jiran 1, za ka ga 0.8939 da 'yan kai. Rubuta Math.sin(30) kana jiran 0.5, za ka ga lamba ƙasa da sifili, wajen -0.988. A aikin intanet, wannan juyi shi ne babban amfanin Math.PI, ya fi lissafin tanki yawa nesa ba kusa ba:

const zuwaRadiyan = digiri => digiri * Math.PI / 180;
const zuwaDigiri = radiyan => radiyan * 180 / Math.PI;

Ga inda abin ya daina zama wasa. Kusan duk matashin da na sani a nan, da zarar hannunsa ya fara faɗawa, yana son ya haɗa manhajar lokutan salla ko ta alƙibla. Niyya ce mai kyau. Ƙauran Namoda tana wajen digiri 12.59 arewa da 6.59 gabas, Ka'aba kuma tana 21.42 arewa da 39.83 gabas. Idan ka bi ƙa'idar daidai, alƙibla daga nan tana fitowa wajen digiri 70 daga arewa, ana juyawa ta hannun dama, wato gabas da ɗan karkata zuwa arewa. Idan ka sa 3.14 a maimakon Math.PI, amsar ba za ta motsa da ko kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Idan ka manta ka mayar da amsar ƙarshe zuwa digiri, shafin zai nuna 1.22, kibiyar ta kalli arewa, kuma kowa zai gane akwai matsala. Amma idan ka manta ka juya lambobin da ka shigar zuwa radiyan, sannan ka juya amsar ƙarshe, da waɗannan lambobin da na kawo za ka sami wajen 123. Wannan ita ce mai haɗari, domin ta yi kama da amsa. Gabas ce maso kudu, kibiya za ta nuna wani wuri da ba za a yi saurin ƙaryatawa ba, alhali ta kauce da fiye da digiri hamsin. Hukuncin sallar wanda ya bi ta na malamai ne, ba nawa ba. Nawa shi ne kada in saki abin da ban gwada ba ga matafiyin da ya sauka a wani gari ya dogara da wayarsa.

Gwajin kuma ba shi da wuya. Saka Ƙauran Namoda, saka Shinkafi, saka Zurmi. Garuruwan uku suna kusa da juna idan aka kwatanta da nisan Makka, don haka amsoshinsu ba za su bambanta da fiye da digiri ɗaya ko makamancin haka ba. Idan ka ga ɗaya ta ce 123, ɗaya ta yi wani wuri can daban, to digiri ka ciyar da abin da ke cin radiyan. Sannan ka fita ka tsaya a gaban masallacin Juma'ar garinku ka ga ko kibiyarka ta yi kusa da inda mihirabi ya fuskanta. Ƙari ɗaya: Math.atan2 da ake amfani da shi a wannan lissafi yana iya ba da amsa ƙasa da sifili. Mu da ke yamma da Makka ba za mu gani ba, amma ɗalibinmu da ke karatu a Indiya ko Malesiya zai gani. Ka ƙara 360 a kan amsar, sannan ka ɗauki ragowar rabawa da 360.

Akwai kuma masu faɗawa ɗaya gefen, su ɗauka tunda sun sa Math.PI komai zai fito cif. Ba haka ba ne. Ita ma guntuwa ce, doguwa dai. Kwamfuta tana ajiye lambobi masu ɗigo ne bisa tsarin IEEE 754 da aka fitar a 1985, a cikin gurbi 64 na sifili da ɗaya, abin da bai shiga ba a yanke. Shi ya sa Math.sin(Math.PI) ba ya ba da sifili, yana ba da 1.2246467991473532e-16, lamba ce ƙarama ƙwarai amma ba sifili ba ce. Idan ka rubuta sharaɗin da ke jiran ta zama daidai da 0, ba zai taɓa cika ba. Wannan ne ma ya sa 0.1 + 0.2 ke ba da 0.30000000000000004. Hanyar ita ce ka tambaya ko bambancin lambobin biyu ya gaza wani ɗan ƙaramin mizani da ka zaɓa. Akwai Number.EPSILON da ake yawan ambata a nan, amma shi ya dace ne da lambobin da ke kusa da 1. Idan kana lissafin dubban lita ya yi ƙanƙanta, gara ka zaɓi naka, kamar 0.001.

Daga nan sai batun taƙaita lamba. Ba wanda ke son ganin 6283.185307179586 a allon waya, don haka dole a rage. A rage a ƙarshe, lokacin nunawa. Na sha ganin wanda ya rubuta Math.PI.toFixed(2) a farkon lissafi. Wannan ya koma 3.14 ta doguwar hanya ke nan. Bugu da ƙari, toFixed ba lamba yake dawo da ita ba, rubutu ne. Idan ka ninka, JavaScript zai juya maka shi a ɓoye, amma idan ka tara da alamar +, sai ya manna su. "3.14" + 100 zai ba ka 3.14100. Nan ma babu saƙon kuskure.

Wani zai ce, idan harshen yana da irin waɗannan tarkuna, ai gara mai koyo ya fara da 3.14 ya ga abu ya yi aiki, ya ji daɗi, daga baya ya gyara. Na fahimci wannan, domin na san yadda gwiwa ke sanyi idan mutum ya yi kwana biyu a kan NaN, ga caji yana ƙarewa, ga data da tsada. Kuma a kan allo, lokacin da ake bayanin ƙa'idar, ni ma 3.14 nake rubutawa don a bi lissafin da ka. Amma "daga baya" ɗin nan ba ya zuwa. Kod ɗin da ya yi aiki ba a komawa kansa, kwafe shi ake yi zuwa aiki na gaba. Sannan shi kansa NaN ɗin darasi ne da ba a tsallake shi. Yaron da ya gano cewa babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurin Math.PI, ya gano shi ke nan a getElementById da sauran wurare ɗari.

Ruɗanin ma yana da asali, ba sakaci ba ne kawai. Wanda ya fara da Python ya saba da math.pi da ƙananan baƙaƙe, bayan ya shigo da math. Wanda ya saba da Excel, kamar yawancin masu aiki a shagunan buga takardu da ke kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan garin, ya san PI() da baka biyu. A PHP akwai M_PI, akwai kuma pi(). Idan ka kawo al'adar Excel cikin JavaScript ka rubuta Math.PI(), a nan kam zai yi magana, ya ce wannan ba fankshin ba ne. Baka biyu na ɗan aike ne, wanda za ka ba shi abu ya je ya dawo da amsa, irin su Math.sqrt da Math.round. PI ba a aiken ta ko'ina, ajiyayyiyar lamba ce.

Abin da babu shi a cikin Math kuma, kai za ka ajiye shi da suna sau ɗaya a saman kod ɗinka. Rabin faɗin duniya da ake amfani da shi wajen auna nisan gari da gari, kilomita 6,371, ba ya ciki. Lita 1,000 da ke cikin mita ɗaya ta kowane gefe ba ta ciki. Lita 25 ta jarka ma ba ta ciki, kuma ita ce ta fi saurin canjawa, domin ranar da kawun yaron ya koma jarka mai lita 20, layi ɗaya kawai za a taɓa.

Shafin tankin yanzu yana aiki. Yana karɓar faɗi da tsayi da mita, ya raba faɗin biyu da kansa, ya ƙi karɓar akwatin da aka bari babu komai, ya kuma yi amfani da Math.floor wajen ƙirga jarka, tunda ba a sayar da jarkar da ba ta cika ba. A tankin mita 2 da mita 2 yana ba da jarka 251. Kawun ya ce shi bai taɓa samun fiye da 240 ba, saboda bututun fitar ruwan yana sama da gindin tankin kaɗan, ruwan da ke ƙasa da shi ba ya fita. Yaron ya koma da tef ya auno tsayin bututun daga ƙasa, ya ƙara wa shafin akwati na uku.